A dafa wa kare nama kafin a ba shi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana kan wani yayi da ya shigo wa samarin Maraɗi masu kiwon manyan karnukan gadi. Sun gani a Facebook wai ɗanyen nama ne ke sa kare ƙarfi da zafin rai, busasshen abincin buhu kuwa wayon Turawa ne na cin kuɗi.

Ɗan ƙanena na cikinsu. A watan Afrilu na je gidansa da rana tsaka, zafi ya haura digiri 40. Tun da safe ya sayo kawunan kaji da hanji wajen masu fiɗar kaji, ya zuba a kwanon roba a gindin bedi. Karen ya ci rabi ya bar rabi, ƙudaje sun yi baƙi a kai. Muna cikin gaisawa sai ga ɗiyarsa mai rarrafe ta tsoma hannu cikin ruwan jinin. Saura ƙiris ta kai baki uwarta ta fizge ta. Da na yi faɗa, sai ya ce: "Baba, ai wata shida yana cin haka, ko zawo bai taɓa yi ba."

To, nan matsalar take. Kare na iya ɗaukar ƙwayar Salmonella, mai sa mutum zawo da zazzaɓi, yana cikin ƙoshin lafiya, ya riƙa fitar da ita cikin kashi a tsakar gidan da yara ke wasa ba takalmi. Yaro ƙarami da tsoho da mai ciki su ke shan wahala. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gwada ɗanyen abincin karnuka da kyanwoyi tsakanin 2010 da 2012. Cikin samfur 196, an samu Salmonella a 15, wata ƙwayar cutar mai suna Listeria a 32. Wannan fa a ƙasar da ake sayar da shi a daskare cikin leda. Sanyin firiza ba ya kashe waɗannan ƙwayoyi, kwantar da su kawai yake yi, balle mu da wuta ke ɗaukewa rabin yini.

Ba tallan abincin buhu nake yi ba. Da zafi ake sarrafa shi, shi ya sa haɗarinsa ya fi sauƙi, amma a 2012 busasshen abincin kare daga wata masana'anta a Amurka ya sa wa mutum 49 Salmonella, biyu daga cikinsu a Kanada. Kuma buhun da ya sha raɓar damina a shago yana yin fumfuna, ya haifar da gubar aflatoksin, wadda duk manomin gyaɗa ya ji labarinta. Ga tsada. Mutum nawa ne a Maraɗi za su sayi buhun abincin kare alhali ba su gama da hatsin gida ba?

Abin da ya fi tayar mini da hankali ma ba ya cikin gardamar samarin. Ranar Layya, in aka ga huhu ko hantar rago da ƙulluttuka masu ruwa, sai a ce bai ciwuwa, a jefa wa kare. Waɗannan ƙulluttukan ƴaƴan tsutsa ne. Su girma a hanjin kare, ƙwansu ya fita cikin kashinsa, ya maƙale a gashinsa, yaro ya shafa ya ci abinci. Sai bayan shekaru ƙullutun ya taso a hantar mutum ko huhunsa, sau da yawa sai an yi aiki. Irin wannan kayan ciki a ƙone shi ko a binne da zurfi. Ina roƙon sarakunan fawa su ja kunnen yaransu a kan wannan, ku kuma ku nemi likitan dabbobi ya yi bayani kafin Sallah.

Ɗan ƙanen nawa dai na sa shi ya ware tsohuwar tukunya. Yana tafasa kayan kajin har su nuna, ya zare ƙashi, ya haɗa da ɗumamen tuwo, ya wanke kwanon da sabulu. Karen bai rage haushi ba, ko ni har yau ba ya barina in wuce zaure.

Naku,
Wani mai karatu daga unguwar Zariya, Maraɗi.