Tuban da bai kai kasuwa ba

Malam Edita,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Ni Kirista ce, ina sayar da hatsi a kasuwar Kejetia a nan Kumasi, kuma ba na bari filinku na wa'azin safiyar Lahadi a rediyo ya wuce ni. Tun da azumin kwana 40 ya kama a Larabar Toka, fastocin da kuke gayyata suke ta karanta mana Zabura 51, addu'ar da Sarki Dawuda ya yi yana roƙon Allah ya halitta masa zuciya mai tsabta. Allah ya saka musu da alheri. Sai dai ina da ƙorafi ɗaya: duk a kan hawaye suke tsayawa. A yi nadama, a durƙusa, a yi kuka, shi ke nan an tuba. Ba wanda ya ce uffan game da mutumin da aka cuta.

Ai labarin yana da tushe. A 2 Sama'ila sura 12, annabi Natan ya zo wa Dawuda da misalin attajirin da ya bar garkensa ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tilo ta wani matalauci ya yanka wa baƙonsa. Dawuda ya harzuƙa, ya ce lalle mutumin ya biya ninki huɗu, bai san kansa yake yanke wa hukunci ba a kan matar Uriya, sojansa, wadda ya ƙwace. Kuma ba daga kansa ya ƙirƙiro adadin ba, haka Shari'ar Musa ta ce a littafin Fitowa: tunkiya huɗu a madadin ɗaya. Wannan adadin ne ya sake fitowa daga bakin Zakka, shugaban masu karɓar haraji na Yariko, a Luka 19. Ya miƙe a gaban jama'a ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda kuma ya zalunta zai mayar masa ninki huɗu. A nan ne Yesu ya ce yau ceto ya zo gidan nan.

To, mu sauko Kejetia. Duk mai sayar da masara ko gari ya san olonka, wato gwangwanin awon hatsi, iri biyu ce a wasu rumfuna. Akwai ta saye, wadda aka buɗa mata ciki, da ita ake aunar buhun manomi. Akwai ta sayarwa, wadda aka bubbuga gindinta ya shige ciki, sai a tula hatsi a kai ya yi tozo, mai saye ya tafi yana godiya. Wasu masu irin wannan gwangwani su ne a sahun gaba ranar Lahadi da fararen kaya. Haka kuma 'yan matan nan kayayo, wato masu dako, da suke zuwa daga Arewacin Gana: a yi ciniki da yarinya, ta ɗauki kwano shaƙe da doya a ka, ta ratsa cunkoso har tasha wuya na rawa, sannan a miƙa mata rabin kuɗin a ce ba canji. Ta san ba ta da mai tsaya mata, sai ta karɓa ta juya. Wannan uwar kayan, in ta rera Zabura 51 da daddare, wa zai gaya mata cewa akwai sauran sidi biyar na wata a lalitarta?

Yahaya Mai Baftisma bai yi wa mutane kwana-kwana ba. Da masu haraji suka tambaye shi abin da za su yi, cewa ya yi kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade. Sojoji kuma ya ce su bar ƙwace da ƙazafi, albashinsu ya ishe su. A Matiyu 5 Yesu ya ce in ka kawo baiko, wato kyautarka ga Allah, wurin miƙa hadaya ka tuna ɗan'uwanka yana da magana a kanka, ka ajiye baikon ka je ku shirya tukuna. Wannan ayar ba kasafai nake jin ta gab da a zagaya da kwandon baiko ba, kuma ba sai na faɗi dalili ba.

Na san za a ce gafara alheri ce, ba a sayenta. Haka ne. Ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu bai mayar da ko allura ba, aka yi masa alkawarin Firdausi. Amma shi hannuwansa a kan gungume suke, mu namu suna kan ma'auni kullum safiya.

Mu da muke zaune a Zango, tsakanin Aboabo da Asawase, maƙwabtanmu Musulmi ne. Malamansu suna nanata musu cewa haƙƙin ɗan Adam sai an mayar ko mai shi ya yafe. In suka ga Kirista ya fito daga addu'ar dare ya ci gaba da riƙe kuɗin adashin mutane, da wane baki za mu yi musu maganar Bishara?

Roƙona shi ne, kafin Ista ku ware fili guda a kan wannan batu, ku buɗe layin waya. Akwai tambayoyin da mutane ke jin kunyar yi wa fastonsu ido da ido. Wanda aka cuta ya rasu, magadansa za a nema? Wadda ta shekara da shekaru tana awo da tauyayyen gwangwani, ba ta san ko su wa ta tauye ba, ina za ta kai kuɗin? Wanda ya ci amana kuma yanzu ba shi da ko sisi fa? Don Allah a sa shirin da yamma bayan an tashi kasuwa, domin da safe yawancinmu muna coci.

Taku mai sauraro,
daga Aboabo, Kumasi