Babana, Ina Kundin Aikinka?

Assalamu alaikum.

Babana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan zamanka a Abuja. Mu nan Kano sai godiya, in ban da zafi da rashin wuta.

Na ji kukanka, wai wata huɗu ke nan da buɗe asusu a Upwork da Fiverr, dandalin neman aiki ta intanet, kana neman aikin gina shafukan intanet, amma ko tayi ba wanda ya yi maka. Sai na sa ƙanwarka ta buɗe mini shafin naka a wayarta. Na ga hotonka cikin kwat, da takardun shaidar kwasa-kwasai guda biyar, da jerin sunayen kayan aikin gina shafi: HTML, CSS, JavaScript, React. Can ƙasa kuma ga wata 'yar manhajar lissafi irin wadda kowane ɗalibi yake kwaikwaya daga YouTube. Ka yi haƙuri, amma ni da na haife ka ma ba zan zare kuɗina in ba ka aiki a kan wannan ba.

Ka tuna kundin nan mai baƙin bango da ke kan teburina a shago, wanda kuna yara nake korar ku daga kansa? Shekara talatin ina aikin ɗab'i, ba wanda ya taɓa tambayata inda na koyi manhajar zane ta CorelDRAW. Mutum zai zauna ya yi ta buɗa kundin, katin ɗaurin aure, kalanda, littafin rasit, ya shafa takarda da yatsa, can ya ce, "Alhaji, irin wannan nake so, amma a yi mini kore." Shi ke nan ciniki ya faɗa. Gani ya kori ji. Wannan kundin ne ba ka da shi.

Kada ka jira Bature ya fara ba ka aiki. Kawunka na Kantin Kwari har yau a WhatsApp yake tallan shadda da atamfa, kullum sai ya sake tura hoton da ya tura jiya, ya sake faɗin farashin da ya faɗa jiya. Ka yi masa shafi mai hoton kowane turmi da kuɗinsa, da maɓallin da zai kai mai saye kai tsaye cikin hira da shi. In ya yarda a biya ta intanet, ka haɗa masa da Paystack. Islamiyyar unguwarmu ma tana neman inda iyaye za su cike fom ɗin ɗaukar yara. Ni ne na uku, kuma zan biya, kada ka ji kunyar yanka mini farashi.

A ƙarƙashin kowane aiki ka rubuta layi uku ko huɗu: me ke damun mai shi, me ka yi, me ya canja. Abin da bai faru ba kada ka rubuta shi. In kawunka ya ce an daina damunsa da tambayar farashi da tsakar dare, wannan maganar tasa ta ishe ka, ka nemi izininsa ka sa ta yadda ya faɗe ta.

Wani abu kuma: shafinka ya daɗe bai buɗe a wayar ƙanwarka ba, har ta ɗauka data ce ta ƙare. A kwamfutarka ka gwada shi, alhali masu sayen shaddar kawunka da Tecno da itel suke yawo, sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Ka rage nauyin hotuna, ka auna shafin da PageSpeed Insights na Google, sannan ka ari waya mafi tsufa a gidanku ka sake gwadawa. Wurin ajiye shafi ba zai ci maka kuɗi ba, tunda GitHub Pages da Netlify suna bayarwa kyauta. Suna kawai za ka saya, na .com.ng daga dillalan da NiRA, ƙungiyar da ke kula da sunayen .ng, ta amince da su, don adireshinka ya yi kama da na mai sana'a. Na kuma ji kana raina WordPress, manhajar nan ta gina shafi. Fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet a kansa suke, kuma masu su kullum suna neman mai gyara.

Kada ka nuna aikin kowa sai ya sani. Na taɓa sa katin bikin wasu mutane a kundina, ashe da lambar wayar uwar amarya a jiki, wani ya kwashe. Sai da na taka har gida na ba da haƙuri. Haka nan kada ka taɓa aiki ba kafin alƙalami, ko da rabin kuɗin ne. Har yanzu akwai damin fastocin wani ɗan takara a bayan shagona, ya faɗi zaɓe ya daina ɗaga waya.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka daina kwana gaban kwamfuta har asuba ta kuɓuce maka. Na ce wa kawunka za ka kira shi ranar Asabar bayan la'asar, ya ce zai sa yaron shago ya jera kayan don ɗaukar hoto. Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka.