Masu Kai Yara Kallon Kunkurun Teku, a Kashe Tocila

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka domin jan hankalin iyayen da ke kwasar iyali daga nan Kaduna zuwa Legas ko Ghana lokacin hutu, su kai yara bakin teku inda ake kula da kunkuru. Ziyara ce mai amfani, amma baƙo kan yi ɓarna ba da saninsa ba, kuma galibi da wayar hannunsa.

Da dare uwar ke fitowa tudu. Takan haƙa rami da ƙafafun baya, zurfinsa wajen rabin mita, ta zuba ƙwai kusan 100 masu laushin ɓawo kamar fata, ta rufe ta koma ruwa. In aka haske ta ko aka yi hayaniya kafin ta fara zubawa, sai ta juya da ƙwanta. Don haka a tsaya ta bayanta, a yi shiru, kada a ɗauki hoto da filasha. In dole sai da haske, jar fitila ake amfani da ita.

Ƙwan yakan yi kimanin wata biyu a cikin yashi. Kada kowa ya tono shi ya jujjuya wa yara su gani, domin sa'o'i kaɗan bayan an saka shi ɗan tayin yake mannewa a jikin ɓawon, da an juya shi ya mutu. Zafin yashin ma shi ke raba jinsi: a digiri 29 na ma'aunin Celsius maza da mata kusan daidai suke fitowa, sama da haka mata ne ke rinjaye.

Inda aka fi kuskure shi ne ranar ƙyanƙyasa. Jaririn bai cika tafin hannu ba, kuma inda ya fi haske yake nufa, wato saman ruwa. Tocila ɗaya ko fitilar otal ta isa ta juya su zuwa titi, gari ya waye rana ta busar da su, ko tsuntsaye da ƙaguwa su kwashe. Tausayi kan sa a ɗauke su a jefa cikin ruwa. A bari su rarrafa da kansu. Abin da za a yi musu shi ne cike ramukan da yara suka haƙa, a ɗauke kujeru daga hanya. An ƙiyasta ɗaya cikin 1,000 ne ke kaiwa girma, kowanne abin lallaɓawa ne.

Mu na tudu ma muna da hannu. Ledar da ke toshe kwatocinmu da damina tana faɗawa kogin Kaduna, shi kuma ya zuba a kogin Neja kusa da Pategi, a bi ta Lokoja har teku. A cikin ruwa leda tana kama da wata halitta mai yauƙi da kunkuru ke ci. Maƙogwaronsa na da ƙayoyi masu kallon ciki, abin da ya haɗiya da wuya ya fito, sai ledar ta toshe masa hanji yunwa ta kashe shi. Muna roƙon hukumomin tsaftar muhalli na jiha su riƙa kwashe sharar bakin kogi tun kafin ruwan farko ya sauka.

Daga wasu malaman kimiyyar halittu,
Kaduna.