Yaya, ga tsarin ranar NASA, ga kuma maganar kuɗin Auta

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, kai da Hajiya da Anti da yara. Yaya gwiwar Hajiya? Mu nan lafiya lau, aiki ne kawai, shi ma da godiya.

Na ga hoton bizarku ta zuwa Amurka, Alhamdulillahi. Kafin maganar tafiya, dala 400 da na turo ranar Litinin na makarantar Auta ne da maganin Hajiya. Kada ka ba Auta a hannu. Ka je da ƙafarka ka biya, ka turo min rasit. Na kuma ji abin da ake faɗa a gidan Kawu, wai na tara kuɗi zan kai mutane kallon roka alhali ɗakin Gwaggo yana yoyo. Rabin kuɗin kwano tun azumi na bayar, kai ne shaida. Shekara shida ban sa uwata a ido ba, in na fita da ita wuni ɗaya ban ci haƙƙin kowa ba.

To, ka fara gaya wa Abba cewa ba zai ga an harba roka ba, don kada ya zo ya ɓata rai. Daga Florida ake harbawa. Nan Houston cibiyar Johnson ce ta NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, inda ake horar da 'yan sama jannati, daga nan kuma ake magana da su in suna sama. Wurin baƙi yana jikinta, Space Center Houston, an buɗe shi a 1992. Daga tsakiyar gari kusan kilomita 40 ne, a bi babbar hanya I-45 ta wajen Galveston.

Ba za mu je a kwana biyun farko ba. Awa shida ne tsakaninmu da ku a wannan lokacin, yara za su yi ta gyangyaɗi da rana tsaka, kuɗin tikiti ya tafi a banza. Talata ko Laraba na zaɓa, Asabar layi ya yi yawa. Tikiti ta intanet zan saya, yana zuwa da lokacin shiga, kuma farashin yana canjawa gwargwadon rana. Abba tunda ya cika 12 kuɗin babba zai biya, Ummi na yara, ƙaramar mai shekara 3 kyauta. Wurin ajiye mota ma biya ake yi. Duk wannan a kaina yake, kada ka canja dala a Wapa saboda shi. Kujerar mota ta yara guda biyu zan aro, don dokar Texas ba ta yarda yaron da bai kai 8 ba ya zauna haka kawai, sai in yana da tsayi sosai. Anti ta sani tun yanzu, ba a rungumar yarinya a cinya a nan, tara ce.

Yawanci ƙarfe 10 suke buɗewa su rufe 5, mu bar gida takwas da rabi saboda cunkoso. Inda mutane suke kuskure shi ne da sun shiga sai su tsaya ɗaukar hoto. Abu na farko shi ne kama gurbin tiram, wata mota mai jan taragun kujeru, ba gilashi, ita ke shiga da mutane cikin harabar NASA ɗin kanta. Gurbi yana ƙarewa, kuma in aka fara walƙiya tsayar da ita ake yi. A watan Agusta da yamma hadari ya fi haɗuwa, shi ya sa da safe za mu hau. Zafin garin ba irin na Kano ba ne, gumi ne da ba ya bushewa, sai ka ce Legas. Kowa da gorar ruwansa da hula, Hajiya kuma ta riƙe mayafi mai kauri a jaka, don cikin ginin sanyin na'ura ya yi yawa.

Tiram tana zuwa wuri uku, amma da tsohuwa da yara, wuri biyu sun ishe mu. Wanda ba a bari shi ne rumfar Saturn V, irin rokar da ta kai mutane wata. A kwance take, tsawonta mita 110, ta fi filin ƙwallo, kuma ba kwaikwayo ba ce, sassan da aka ƙera don tafiya ne aka fasa tafiyar. Ku tsaya ta gindinta wajen injina biyar ɗin, bakin kowanne ya fi tsayin mutum biyu. A gefen wurin akwai makiyayar shanun Texas masu dogon ƙaho, na san a nan Hajiya za ta fi daɗewa.

Na biyu ɗakin da aka sarrafa saukar kumbon Apollo 11 a kan wata ranar 20 ga Yuli, 1969. A 2019 aka mayar da shi yadda yake a da, har da kofunan shayi da tokar sigari a kan tebura. Tikitinsa daban ne, kuma sai an kama tun da kwanaki. Matsalar matakala 87 ce. Ana iya neman lifta, amma sai an faɗa tun kafin a hau tiram. Ni a ganina ka tafi da Abba ku biyu, mu zauna da Hajiya da ƙanana a ciki. Ana ba da aron keken marasa lafiya a bakin shiga, ka lallashe ta tun daga gida ta yarda, ka san halinta.

Wajen ƙarfe ɗaya mu fito mota. Abincin ciki da tsada, naman kuma ban yarda da yankansa ba, zan sa shinkafa a kula. Sallah ku matafiya ne, ga ƙasaru, akwai kuma masallaci a Clear Lake ba nisa in mun tashi.

Bayan Azahar sai ɗakin kumbuna. Akwai ainihin kumbon Apollo 17, tafiya ta ƙarshe da mutum ya taka wata, Disamba 1972. Akwai dutsen wata da ake zura hannu a taɓa. Ɗan mitsitsi ne, baƙi, ya yi sulɓi saboda yatsun mutane, kada Ummi ta sa ran ganin dutsen Dala. Abin da nake so ka nuna wa Abba da kyau shi ne wani ɗan kumbo mai cin mutum ɗaya, Faith 7, wanda Gordon Cooper ya zagaya duniya sau 22 a cikinsa a Mayun 1963. A wancan zamanin, NASA tana da tashar bin sawun kumbo a Kano, da ita aka bi ɗan sama jannati John Glenn a Fabrairun 1962. Wato wannan gwangwanin ya bi ta saman garinmu, daga Kano ana saurarensa. Ka ga maganar da marigayi Baba yake yi ta Turawan Amurka masu farantin sadarwa ba tatsuniya ba ce. Allah Ya jiƙansa, shi ya kamata in kawo, ban samu hali ba sai da ƙasa ta rufe masa ido.

Jirgin Boeing 747 mai goye da kumbo a waje shi ne na ƙarshe, in rana ta yi sanyi. Jirgin na gaske ne, kumbon da ke bayansa samfuri ne, ana shiga duka biyun. Hanyar fita tana kusa da kantin tsaraba, dala 20 kowane yaro, ban ƙara ko sisi.

Kada a sa kilishi ko dambun nama a kaya, kwastan na nan ƙwacewa suke yi, in ba a bayyana ba har da tara. Kuka da yaji da busasshiyar kuɓewa a zo min da su, amma a faɗa musu in sun tambaya.

Rasit ɗin Auta nake jira kafin Juma'a. In ya ce maka an ƙara kuɗi, ka kira makarantar da kanka. A gaida Gwaggo, a ce mata ragowar kwanon ƙarshen wata in Allah Ya yarda.

Ƙaninka.