Barka da Sallah daga Bergen, da bayanin tafiyar jirgin ruwa a lokacin kaka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Baba da Inna, da Yaya da iyalinsa, da duk mutanen gida. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kun sauko Idi lafiya, barkanmu da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu da layyarmu, ya maimaita mana, ya dawo da alhazanmu lafiya. Baba, Allah ya ƙara girma da nisan kwana. Inna, sannu da aikin suya. A gaishe mani da Gwaggo ta Runjin Sambo da Kawu na Mabera. Goron sallar yara yana hannun Yaya, a raba har da na goye.

Yaya, tunda Baba ya yarda da ziyarar da za ku kawo mani da kaka, kun kuma ce kuna son hawa jirgin ruwan da ke bin gaɓar Norwe, ga bayaninsa. Don Allah a karanta shi gaban Baba da Inna, hankalinsu ya kwanta.

Abu na farko da za ku riƙe shi ne jirgin nan na aiki ne, yawon buɗe ido daga baya ya shigo. Tun 1893 yake kai wasiƙu da kaya da mutane garuruwan bakin teku, kuma har yau bai daina kai kaya da mutane ba. Kamfani biyu ke tafiyar da shi yanzu, Hurtigruten da Havila. Yana tashi Bergen da dare, wajen ƙarfe takwas da rabi, ya bi tashoshi 34 har Kirkenes kusa da iyakar Rasha, tafiyar sama da kilomita 2,000. Zuwa kwana 6 ne, dawowa kwana 5. Kamar motar kasuwa yake, kowane ƙauye sai ya tsaya ya sauke ya ɗauka, sai dai shi ba ya jiran kowa. A ƙananan tashoshi tsayawar minti 10 ce zuwa 15, kada ma ku sauka. Inda ya daɗe kuwa, ku duba allon da ke bakin tsani, an rubuta lokacin tashi, ku dawo da saura minti 20 aƙalla. Wanda anka bari a ƙasa, da kuɗinsa zai nemi mota ko jirgin sama ya tari jirgin a gaba. Katin ɗakinku shi ne mabuɗi, shi ake dubawa wajen sauka da hawa, kada ya rabu da aljihunku.

Ni a ganina ku zo tsakanin ƙarshen Satumba da tsakiyar Oktoba. Lokacin ganye ya koma ruwan ɗorawa da ja a gindin duwatsu, cunkoson baƙi ya ragu, dare ya yi duhun da za a iya ganin hasken arewa, wato wani haske mai launi da kan bayyana a sararin sama da dare, amma rana ba ta gajarce ƙwarai ba. In an shiga Nuwamba guguwa tana yawa, kuma a ƙarshensa rana ba ta ma fitowa a Tromso sai tsakiyar Janairu. Ku ɗauki zuwa kaɗai, sa'annan ku biyo jirgin sama daga Kirkenes zuwa Oslo, tafiyar kamar awa 2. Kwana 11 a ruwa ya yi yawa ga wanda bai saba ba. Ku bar tazarar kwana guda tsakanin saukarku da jirgin komawa Nijeriya, saboda in iska ta tsananta jirgin ruwa kan makara, wani lokaci ma ya tsallake tasha.

Biza ta Shengen ce, ku fara nemanta tun yanzu, domin ana karɓar takardu tun saura wata 6. Za a nemi inshorar lafiya ta Yuro 30,000, da fasfo mai sauran wata 3 aƙalla bayan ranar komawarku. Takardar gayyata tana wajena.

Yanzu ga hanyar. Daren farko ku yi barci da wuri, don da asuba jirgi zai zagaya wani tsinin ƙasa da ake kira Stad. Yawancin tafiyar tsakanin tsibirai ake yinta, ruwa kwance, amma a nan babu abin da ya kare jirgi daga babban teku, yakan yi tangaɗi kamar awa 2. Akwai irin wannan wurin bayan Molde, da mashigin Vestfjord tsakanin Bodo da tsibiran Lofoten, da can ƙarshen arewa. Ma'aikata kan yi shela kafin a kai. Maganin jiri da amai a sha shi da saura awa guda, in an bari sai ciki ya fara juyawa ba ya wani tasiri. Kada a shiga wurin da yunwa, kada kuma a cika ciki da maiƙo. A fita a kafa ido inda sama ta haɗu da ruwa, ko a kwanta a rufe ido. Kallon waya shi ke ƙara abin, don ido yana ganin komai tsaye alhali jiki yana jin motsi. Citta tana taimaka wa wasu. Ɗaki kuma zan kama maku na tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa, mai taga, nan ne motsi ya fi sauƙi.

Rana ta biyu da safe za ku iso Alesund, garin da gobara ta cinye a 1904 anka sake gina shi da dutse. A watannin Satumba da Oktoba jirgi kan ratse daga nan ya shiga Hjorundfjord, wani siririn hannun teku tsakanin dogayen duwatsu, gonaki manne a jikinsu. Wannan kada ya wuce ku kuna ɗaki. Rana ta uku Trondheim, tsayawar kamar awa 3. Daga tasha zuwa tsakiyar gari akwai ɗan tattaki, ku lissafa da dawowa. Rana ta huɗu da sassafe ake tsallake da'irar Aktik, wato layin taswira da ke nuna farkon yankin da rana kan ƙi fitowa da hunturu, za ku ga alamar ƙwallon duniya a kan wani ɗan tsibiri. Da rana Bodo, da dare Svolvaer a Lofoten.

Inna, Lofoten ɗin nan ita ce asalin busasshen kifin nan mai tauri da 'yan kudu ke sayarwa a kasuwa. Ana kama shi da hunturu, a rataye a kan manyan katakai tun Fabrairu, iskar teku ta busar da shi ba gishiri ba wuta, a sauke wajen Yuni. Kawunansa da yawa Nijeriya ake kai su. Da kaka su Yaya katakan kawai za su gani tsaye.

Rana ta biyar Tromso, daga bayan azahar zuwa magariba, kamar awa 4. Nan ne ya fi cancanta ku sauka. Akwai masallacin Alnor a cikin gari, da ƙafa ake zuwa, ku samu jam'i ku gaisa da 'yan'uwa. Rana ta shida Honningsvag, inda bas ke kai mutane Nordkapp, wani gangaren dutse mai tsawon mita 307 a kan teku, kilomita 30 da 'yan kai daga tasha. Kuɗinsa daban ne kuma da tsada, in hazo ya rufe ba a ganin komai. Ku duba sama da safen kafin ku biya. Rana ta bakwai da hantsi sai Kirkenes.

Hasken arewa kuwa, daga Bodo zuwa sama ake sa ran ganinsa. Wasu ƙwayoyi ne daga rana ke bugun iskar da ke can sama, kilomita 100 ko fiye, sai ta yi kore, wani lokaci da ja-ja. Yana son duhu da sama garau, gajimare na rufe shi. Ana shelarsa ta lasifikar ɗaki, don haka ku kwanta da kayan sanyi kusa, yakan ɓace cikin 'yan mintuna. Babu mai iya yi maku alkawarin ganinsa, sai Allah ya nufa.

Maganar salla ita na fi so ku kula da ita. A nan alƙibla ba gabas take ba. A Bergen kudu maso gabas ce, kuna ƙara yin arewa tana ƙara karkata kudu, a Kirkenes kusan kudu sak. Ƙarfen jirgi yana rikita kamfas ɗin waya, gara ku dubi taswirar da ke nuna inda jirgi ya dosa, ko ku tambayi ma'aikata ina kudu. Mafi sauƙi a yi salla lokacin da jirgi ke ɗaure a tasha, ba ya juyawa, ana iya tsayuwa sosai. Lokutan salla suna canjawa daga gari zuwa gari, azahar da la'asar suna matsowa kusa, saboda haka a sabunta jadawalin waya kowace safiya. Hukuncin kasaru da jam'i da shafa a kan huffi, ku zauna da malamin unguwa kafin ku taso. Ku zo da ƙaramar buta ta roba. Banɗakin ɗaki ƙarami ne, masansa da iska yake zuƙa, in anka jefa wani abu ban da takardar da sunka ajiye sai bututun ya toshe har na maƙwabta. Agogon nan yana gaban na gida da awa guda har zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, daga nan sai su daidaita.

Abinci ba za ku sha wuya ba in kun tsaya kan kifi, da ƙwai, da dankali, da burodi, da madara. Kifin sabo ne, daga tashoshin hanya ake ɗaukarsa. Duk inda kunka ga an rubuta svin ko skinke, alade ne. Romon da ake zubawa kan abinci wani lokaci da giya ake haɗa shi, ku tambaya, ba sa jin haushi. Tun wajen yankan tikiti zan rubuta masu abin da ba ku ci. Ruwan famfo ana sha. Inna, na san za ki so ki ajiye mani soyayyen naman layya da kilishi, to don Allah kada a sa a jaka. Doka ta hana shigo da nama da kayan madara daga wajen Turai, a filin jirgi za a ƙwace. Garin yaji dai a ƙullo mani.

Sanyi a Oktoba wajen digiri 9 ne a Bergen, da ruwan sama kusan kullum, a arewa kuma yakan sauka kusa da sifiri, iska ta ƙara masa kaifi. Sutura hawa uku ake yi: ta ulu a jikin fata, mai kauri a tsakiya, sai rigar da ruwa da iska ba sa ratsawa. Auduga a ciki tana riƙe gumi ta huce a jiki, shi ya sa shadda ba ta amfani a waje. Babbar riga a bar ta don zauren cin abinci, a saman jirgi iska za ta cika ta ta ja mutum. Matar Yaya ta tura hijabinta cikin rigar sanyi. Lema ba ta jure iskar nan. Takalmi mai ƙasan roba, da safar hannu, da hular da ke rufe kunne, duk zan saya a nan, ku aiko mani da awonku kawai.

Babu likita a cikin jirgin, ma'aikata taimakon gaggawa kaɗai sunka koya, asibiti sai an sauka. Yaya, ku zo da maganin hawan jininku wanda zai wuce kwanakin tafiya, cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita, a jakar hannu. Soket ɗin nan mai rami biyu ne zagayayyu, sai da adafta. Kuɗin ƙasar kurona ne, amma kusan komai da kati ake biya, ku je banki a tabbatar katinku zai yi aiki a waje.

Baba, a sa mu a addu'a, mu da su. In kun kai ziyara Hubbare a tuna da ni. Yaya, hoton fasfo ɗinku nake jira cikin makon nan, ɗakunan tsakiya su ke fara ƙarewa.

Wassalam. Naku, ɗanku kuma ƙanenku a Bergen.