Wasiƙa: Gaskiya Conviction bai kama ƙafar Chaos Theory ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Ni dai ba gwanin rubuto wasiƙa ba ne, nakan karanta jaridarku in wuce abina, amma abin da na gani a shafin fasaha na makon jiya ya hana ni sakat. Marubucinku, wanda wallahi ina ganin girmansa kuma ina bin rubutunsa, ya yi magana a kan wasannin gem na sanɗa, irin waɗanda ake laɓe-laɓe a shiga wuri a fita ba tare da an gan ka ba, sai kawai na ga ya ɗauki Splinter Cell: Conviction ya ɗora a saman duk ƴan gidansu, wai shi ne ya kawo sauri da armashi bayan na baya sun cika nawa. Haba malam! Na karanta sau biyu ko idona ne, ashe haka ɗin ya rubuta. Shi ya sa na ce bari in sa baki ko da ba a tambaye ni ba.

Kada a ce ina magana ne da ka, na buga su duka tun daga na farko da kamfanin Ubisoft ya fitar a 2002, da Pandora Tomorrow na 2004, da Chaos Theory na 2005, da Double Agent na 2006, sannan shi gogan Conviction na 2010, har da Blacklist na 2013. Wasu ma na maimaita su ban san adadi ba. Kuma ban ce Conviction ba shi da daɗi ba fa, a'a, na gama shi cikin kwana biyu kuma na sha dariya na yi ihu. Abin da nake cewa shi ne an canza masa jini, sunan ne kawai da mutumin suka rage.

Ga wanda bai sani ba, jarumin wasan sunansa Sam Fisher, jami'in wani sashe ne na asiri da ake kira Third Echelon a ƙarƙashin NSA, hukumar leƙen asiri ta Amurka, kuma sunan nan nasa ya dace da shi a bakinmu, domin aikinsa a wasannin farko shi ne kada a gan shi sam. Yana sanye da tabarau ɗin nan mai ido uku kore na gani cikin duhu. A gefen sikirin akwai ma'aunin haske da ke nuna maka ko kana cikin duhu ko haske ya taɓa ka, kuma rayuwarka gaba ɗaya a kan wannan ɗan ma'aunin take. In ka fito fili masu gadi biyu suka gan ka to sai dai wani ba kai ba, harsashi kaɗan ne ka faɗi. A na farkon ma akwai mishan ɗin da kake shiga hedikwatar CIA kuma an hana ka kashe ko mutum ɗaya, kana kashewa Lambert ogan naka zai ce an gama, ka sake daga baya. Haka in ƙararrawa ta yi yawa a wasu wuraren. Na yarda wannan tsaurin ya yi yawa, ni ma ya sha sa ni ajiye kontirola in fita shan iska, to amma ai an gyara shi tun a Chaos Theory, ba sai da aka jira 2010 ba.

Bari in ba ka misali ɗaya da har gobe ba na mantawa, mishan ɗin banki a Panama cikin Chaos Theory. An tura ka neman wasu bayanai, amma don kada a gane abin da aka zo nema sai aka ce ka kwashe takardun lamuni na dala miliyan 50 a taskar bankin don abin ya yi kama da fashi. Kana farawa daga harabar waje, ka lallaɓa ka hau rufi, ka zuro da igiya ta tagar sama zuwa tsakiyar bankin. Ciki ga lesa ko'ina, wato zaren hasken nan da ke tada ƙararrawa in ka gifta shi, amma masu gadin suna ɗauke da wata ƴar na'ura da ke kashe lesar in sun zo wucewa. Ranar da na fara gane wannan, na laɓe a wani lungu kusa da ƙofa na fi minti uku ban motsa ba, ina kallon wani mai gadi yana zuwa yana komawa, yana tsayawa ya ɗan duba gefe ya juya, har na haddace takunsa. Da ya juya baya karo na huɗu sai na bi shi a tsugune, taku ɗaya-ɗaya, kusa da shi har kamar zan taka masa dunduniya, lesar na mutuwa a gabanmu tana dawowa a bayanmu, idona ɗaya a kansa ɗaya a kan ma'aunin ƙara, don a wannan wasan an ƙara ma'auni na biyu da ke nuna ƙarar takunka da kuma ƙarar wurin da kake, in taka ta haura ta wurin to an ji ka. Wallahi sai da na lura ashe ni kaina na riƙe numfashi a zaune, tafin hannuna duk gumi. Muka wuce, ya yi hanyarsa na yi tawa, bai taɓa sanin an bi shi ba. Ban harba ko harsashi ɗaya ba a wannan wurin amma zuciyata ta fi bugawa fiye da duk harbe-harben da na yi a Conviction in an haɗa su.

To wannan jiran shi marubucinku ya kira nawa. Ni kuwa a ganina jiran shi ne wasan. In ka cire shi me ya rage?

Kuma Chaos Theory bai takura ka ba. Ga wuƙa, kana iya yanka tanti ka shiga ta baya ko ka huda janareta wuri ya yi duhu kamar a mishan na farko na hasumiyar teku a Peru inda ake ta ruwa da tsawa. Fistol ɗinka na da wata na'ura da ke kashe ƙwan fitila na ɗan lokaci ba tare da ka fasa shi ba, don in ka fasa za su ji kuma za su ga gilas su fara zargi. Ga kyamarar da ake zurawa ta ƙarƙashin ƙofa, ga wadda ake harbawa ta manne a bango, ga buɗe kwaɗo da hannu, ga kutse cikin kwamfuta. In ƙararrawa ta tashi wasa ba ya ƙarewa, sai dai masu gadi su sa sulke da hular kwano aikin ya ƙara maka wuya, wato kai ka jawo wa kanka kai za ka sha. In ka damƙi mutum ta baya ka sa masa wuƙa a wuya sai su yi hira da Sam, wani lokaci hirar ma abin dariya ce, muryar Sam mai kauri ɗin nan, wadda ɗan wasa Michael Ironside ya yi, tana tsokanar bawan Allah yana rawar jiki. A ƙarshe a ba ka maki, kuma ɗari bisa ɗari sai wanda bai kashe kowa ba, ba a gan shi ba, ba a tsinci wanda ya sumar ba.

Yanzu mu zo kan Conviction. Tun farko ma wasan ya sha wahalar haihuwa, an nuna shi a 2007 da wani Sam mai gemu da suma yana sajewa cikin taron jama'a, daga baya aka ɗage aka rushe aka sake gini, sai Afrilun 2010 ya fito a Xbox 360 da kwamfuta. Labarin shi ne Sam ya bar aiki yana neman wanda ya kashe ƴarsa Sarah, ransa a ɓace, ba ya jin kira. Wannan na fahimta, mutumin da ke cikin wannan hali ba zai tsaya lallaɓa kowa ba. Amma duba abin da aka yi da wasan kansa. An kawo abin da suka kira Mark and Execute: ka kama mutum ɗaya da hannu, sai a ba ka damar yi wa wasu alama, biyu ko uku ko huɗu gwargwadon bindigarka, ka danna maɓalli ɗaya kawai Sam ya harbe su duka a ka cikin ƙiftawar ido kai kana zaune kana kallo. Karon farko na ce kai, wannan abu da kyau yake! Karo na ashirin kuwa sai na fara tambayar kaina to ni mene ne aikina a nan, tunda gem ɗin ne ke yin harbin. Fistol kuma harsashinsa ba ya ƙarewa. An cire ma'aunin haske, in kana cikin duhu sai sikirin ya koma fari da baƙi, wato duk lokacin da kake buga wasan yadda ya kamata to hukuncinka shi ne a ƙwace maka kala, ka yi ta kallon hoto kamar tsohuwar talabijin. Tabarau na ganin duhu ma babu, can gaba aka ba ka wani mai nuna maka mutane ta cikin bango.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai, wanda kuma shi ne hujjata babba, ba ka iya ɗaukar gawa ko wanda ka kayar ka ɓoye. A duk na baya wannan farilla ce, ka sumar da mutum, ka saɓa shi a kafaɗa, ka yi ta tafiya a hankali saboda nauyi kana addu'a kada abokinsa ya ɓullo, ka nemi lungu mai duhu ka ajiye shi. Me ya sa kake wannan wahalar? Don kana so wurin ya zauna kamar ba ka taɓa zuwa ba. Da Conviction ya cire wannan ai ya faɗa maka ƙarara cewa bai damu da a san ka zo ba, so yake ma a sani. Shi ya sa masu gadin ke ta ihun sunan Fisher suna zage-zage tun kafin ka shigo ɗaki, kowa ya san kana nan. A da kai ne a cikin haɗari kuma duhu ne kaɗai gatanka, yanzu su ne a cikin haɗari, duhun ya zama wurin da kake ɗan hutawa kafin ka sake afka musu. Ga kuma mishan ɗin Iraƙi, da rana tsaka, da babbar bindiga a hannu ana ta ɓarin wuta, na ajiye kontirola na duba kwalin ko dai wani gem ɗin aka sa mini a ciki.

Don kada a ce son zuciya ne, akwai abubuwan da na yaba. Yadda ake haska umarnin mishan a jikin bango da gine-gine maimakon a tsayar da kai karatu, wannan basira ce. Last Known Position, inda farar inuwarka ke tsayawa a wurin da aka gan ka na ƙarshe su yi ta harbin wurin kai kuma ka zagayo ta baya, shi ma ya yi, da an sa shi a Chaos Theory da ban ƙi ba. Motsin Sam daga wannan maɓoya zuwa waccan ya fi santsi nesa ba kusa ba. Sannan labarin mutum biyu na Archer da Kestrel, ɗan Amurka da ɗan Rasha, wanda ake bugawa tare da aboki, da kuma ɓangaren Deniable Ops na mishan ɗin da ba sa cikin labarin, gaskiya sun fi ainihin labarin Sam ɗin ɗanɗanon sanɗa. Ni da ƙanena mun buga na Archer da Kestrel har ƙarshe, kuma abin da ya faru a cikin jirgin nan a ƙarshe ba zan faɗa ba saboda waɗanda ba su buga ba, amma sai da muka kwana ba ma magana.

Abin da ma zai nuna maka cewa ba mu kaɗai muka yi ƙorafi ba, duba Blacklist da reshen Ubisoft na Toronto ya yi a 2013. Sun dawo da ɗaukar mutum a ɓoye shi, sun dawo da sumarwa ba sai kisa ba, sun dawo da Spies vs Mercs, ɓangaren da ƴan wasa ke karawa da juna a matsayin ƴan leƙen asiri da sojojin haya, wanda aka fara tun Pandora Tomorrow amma Conviction ya watsar. Suka raba salon wasa uku, Ghost na wanda ba ya son a gan shi, Panther na mai kisa a ɓoye irin na Conviction, Assault na mai son a yi ta ta ƙare. Har da matakin da ya fi wuya, Perfectionist, da ke hana ka wancan harbin na danna maɓalli ɗaya. In da Conviction ne ƙololuwa kamar yadda marubucinku ya ce, me zai sa su koma su tsinto abubuwan da suka zubar shekara uku kacal da suka wuce? Illar Blacklist a wurina ita ce muryar, an sauya Ironside da Eric Johnson, sai Sam ya koma kamar sa'an ƴarsa, mutumin da ya kamata a ce furfura ta gama cin kansa. Har na gama wasan kunnena bai saba ba.

Ina zargin marubucin naku da Conviction ya fara, in haka ne ba laifinsa ba ne, kowa da wanda ya fara buɗe ido da shi, kuma wanda ya saba da gudu in ka ce ya tsuguna minti uku a bayan tukunyar fulawa dole ya ce an ɓata masa lokaci. Ƙanen nawa ma haka yake, na ba shi Chaos Theory ya buga rabin awa ya ce wai mutumin tafiyar hawainiya yake yi. Sai da na nuna masa cewa saurin a hannunsa yake, shi ke ƙarawa shi ke ragewa, kuma in ya ƙara to ƙarar takunsa ma ta ƙaru, sannan ya ɗan yi shiru.

Tun Disambar 2021 Ubisoft suka sanar cewa suna sake gina na farkon daga tushe, kuma ni fargabata ɗaya ce, kada a ɗauko wancan na 2002 a cusa masa halin Conviction don a burge masu gaggawa. Don Allah Malam Edita ka miƙa wa marubucinku wannan saƙo, ya nemi Chaos Theory, yana nan a kwamfuta kuma ba ya buƙatar wata babbar na'ura, ya buga mishan ɗin bankin nan kaɗai, sharaɗi ɗaya, kada ya kashe kowa kuma kada ƙararrawa ta tashi ko sau ɗaya. In ya fito da takardun nan ya tsere, ya dawo shafin nan ya gaya mana minti nawa ya yi a laɓe da kuma ko ya ji barci.

Na gode da ba ni fili.

Naku,
Wani mai karatu, tsohon ɗan sanɗa