Kafin a tura wakilanmu kwana a gidajen Jafanawa

Malam Edita,

Ina roƙon fili in ja hankalin masu shirya tafiye-tafiyen musayar ziyara zuwa Japan, irin wanda ake ba baƙo masauki a gidan wani iyali na kwana biyu ko uku. Ana ɓata lokaci kan biza da jawabin taro, a bar zaman gidan, alhali can ne ake samun tangarɗa.

Babbar matsalar abinci ce, kuma kunya ke jawo ta. Bahaushe ba ya son ƙin abincin mai masauki, Bajafane kuma ba ya son takura baƙo da tambaya, sai kowa ya yi shiru. Cewa "ba na cin alade" kaɗai bai isa ba. Uwargida za ta cire naman, amma ta zuba mirin, wata giyar shinkafa mai zaƙi da ake girki da ita kullum, ko ta yi miyar kori da dunƙulen da aka haɗa da kitsen alade. Romon taliyar ramen ma sau da yawa na ƙashin alade ne. A rubuto wa iyalin tun da sauran mako biyu, da Jafananci, a ambaci alade, kitsensa, mirin da sake (ita ma giyar shinkafa ce), sannan a faɗi abin da ake ci: kifi, ƙwai, shinkafa, tofu (awara), ganye. Wannan rabin na biyu shi ke kwantar wa uwargida hankali, don ta san me za ta sayo.

Sai tsaraba. Don Allah kada a saka kilishi ko dambun nama a jaka. Japan ta hana shigo da nama, akwai karnuka masu sansano kaya a filayen jirgin sama na Narita da Haneda, kuma tun 2020 hukuncin ya kai tarar yen miliyan 3 ko ɗaurin shekara 3. Jakar fata ko ƙyallen rini sun wadatar. A miƙa da hannu biyu, kada kuma ya zama guda huɗu, domin lafazin huɗu a harshensu ya yi daidai da na mutuwa.

A bakin ƙofa akwai ɗan wuri da ya fi daɓen gidan ƙasa, ana ce masa genkan. Nan ake tuɓe takalmi a juya bakinsa waje, a saka silifan gida. Ba a taka tabarmar tatami da silifa, kuma ban ɗaki yana da nasa silifan, wanda baƙi kan manta su fito da shi har falo.

Wanka na buƙatar bayani. Ruwan kwamin yana kai digiri 40, kuma duk gidan shi za su shiga bi da bi, baƙo ne kan fara. Ana saɓa jiki a ɗauraye a waje, a zaune kan 'yar kujera, kafin a shiga. Ba a saka sabulu ciki, ba a zubar da ruwan. A wannan ɗakin ya kamata a yi alwala, domin makewayi daban yake kuma daɓensa busasshe ne. Ba a buƙatar buta, mafi yawan masai na fesa ruwa da maɓalli.

Mai sallah ya sani alƙibla daga Tokyo yamma take, ta ɗan karkata arewa, ba gabas da muka saba ba. A watan Yuni rana na fitowa kafin ƙarfe 4:30, bangon gidajen kuma ba kauri, sai a gaya wa maigida tun da dare cewa za a tashi, a kuma sassauta murya.

Wutarsu bolt 100 ce, soket mai baki biyu, don haka cajar waya na buƙatar adafta, dutsen guga na gida kuwa a bar shi.

Naku,
Mai karanta jaridarku daga Kano